An Daɗe Ana Auna Zuciyar Mace da Mudun Maza

Na'urar da Willem Einthoven ya harhaɗa a birnin Leiden na ƙasar Holan a farkon ƙarni na 20 ta kai kilo 270, kuma sai mutum biyar sun haɗu a kanta kafin ta yi aiki. Wanda za a auna yakan zauna a kujera ya tsoma hannayensa biyu da ƙafar hagu cikin bokitan ruwan gishiri. Daga bokitan wayoyi ke tafiya zuwa wani siririn zare da aka shafe da azurfa, wanda ke rataye a bakin wani ƙaton maganaɗisu. Zuciya na bugawa sai zaren ya ɗan girgiza, inuwarsa ta bar zane a kan farantin hoto. Daga wannan zane mai tudu da kwari takardar ECG da ake miƙa wa mutum yau a asibiti ta samo asali, kuma haruffan da Einthoven ya raɗa wa sassansa, P da Q da R da S da T, har gobe da su likitoci ke aiki. A 1924 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Abin da zanen ke nunawa wutar lantarki ce da zuciya ke samar wa kanta. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke kunna wutar. Ta bazu a ɗakunan sama biyu su matse, shi ne ɗan tudun P. Sai ta gangara ɗakunan ƙasa masu kaurin tsoka, waɗanda ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki, shi ne tsinin QRS. Daga nan dole tsokar ta sake ɗaukar caji kafin bugu na gaba, ta wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu, tudun T ke nan. Lokacin da ke tsakanin farkon Q da ƙarshen T shi ake kira tazarar QT, ana lissafa shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

A 1920 wani masani ɗan Ingila, Henry Bazett, ya auna mutum 39 masu lafiya yana neman yadda zai daidaita wannan tazara da saurin bugun zuciya, tunda takan gajarce in zuciya ta yi sauri, ta tsawaita in ta lafa. Lissafin da ya fitar shi ne har yau ke cikin yawancin na'urorin asibiti. A cikin aikin ya lura cewa tazarar mata ta fi ta maza tsawo. Ya rubuta, aka karanta, aka wuce. Sai da aka shafe shekara saba'in da ɗoriya kafin maganar ta sami masu ɗaukarta da gaske.

Binciken zuciyar 'yan wasa ya ma girmi na'urar Einthoven. A 1899 likita Salomon Henschen na Uppsala a Suwidin ya riƙa ƙwanƙwasa ƙirjin masu tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara da yatsunsa yana sauraron amon, har ya gane zuciyarsu ta fi ta sauran mutane girma. Ya yanke cewa wannan girma na ƙarfi ne, ba na ciwo ba. Likitoci suka yi shekara da shekaru suna ja-in-ja a kai. Clarence DeMar, wanda likita ya taɓa gargaɗa kan zuciyarsa tun yana saurayi, ya ci gudun fanfalaki na Boston har sau bakwai. Bayan rasuwarsa a 1958 aka duba zuciyar, aka tarar jijiyoyin da ke ciyar da ita sun ninka na yawancin mutane faɗi sau biyu zuwa uku. Duk wannan muhawara, daga farkonta har ƙarshe, a kan jikin maza aka yi ta.

Mata kuwa an rufe musu ƙofa. A Suwidin ɗin nan ta Henschen akwai tseren Vasaloppet, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora. Margit Nordin ta shiga a 1923 ta kai ƙarshe. Shekara na zagayowa aka haramta wa mata shiga, ba a sake buɗe musu ba sai 1981. A gasar Olamfik ta Amsterdam a 1928 aka bar mata su yi tseren mita 800. Lina Radke ta Jamus ta ci da sabon tarihi, amma jaridu suka cika duniya da labarin cewa matan sun zube a ƙasa don wahala, labarin da hoton bidiyon tseren bai gaskata ba. Aka soke tseren har 1960. A Boston, a 1967, wani jami'in tsere ya bi Kathrine Switzer da gudu yana ƙoƙarin yage lambarta ta 261 daga rigarta. Gudun fanfalaki na mata bai shiga Olamfik ba sai a Los Angeles a 1984, inda Joan Benoit ta yi nasara.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne an hana mata gudu da sunan kare lafiyarsu, alhali ba wanda ya ɗora na'ura a ƙirjinsu ya duba. Hanin kuma ya bar baya da ƙura. Tunda ba mata a fili, ba matan da za a auna. Tunda ba a auna su ba, ranar da suka shigo sai aka ɗauko mudun maza aka auna su da shi.

Haɗarin da ke tattare da tsawon QT ta wata ƙofa ya fara bayyana, nesa da filin wasa. A 1957 likitoci biyu a Norwe, Anton Jervell da Fred Lange-Nielsen, suka ba da labarin wani gida mai 'ya'ya shida, huɗu daga ciki kurame, suna yanke jiki su faɗi in sun yi gudu ko sun firgita. Uku suka mutu tun suna ƙanana. Takardar ECG ta nuna QT mai tsawo ainun. A 1963 da 1964 Cesarino Romano a Italiya da Owen Ward a Ailan suka ga irin wannan a yaran da kunnensu lafiya lau. Yadda abin ke kisa kuwa, in ɗaukar caji ya yi jinkiri, wani sashe na tsokar ya shirya wani bai shirya ba, sai wani bugu ya yi riga-malam-masallaci ya faɗo a tsakani. Wutar ta rasa hanya ta dinga zagaye, zuciya ta shiga wani bugu mai tsananin sauri da ke murɗawa a kan takarda, wanda François Dessertenne na Faransa ya siffanta a 1966. Jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi, wani lokaci har da shure-shure. In bugun ya warware da kansa sai ya farfaɗo kamar ba a yi ba. In bai warware ba, cikin 'yan mintuna rai ya yi halinsa. Shi ya sa a Turai da Amurka aka sha ɗora masu wannan ciwo a kan maganin farfaɗiya shekara da shekaru. A wurinmu kuwa, yarinyar da ta yanke jiki tana tsaka da gudu a filin makaranta, kafin wani ya tuna da zuciya an riga an ambaci iska.

Arthur Moss da Peter Schwartz suka buɗe rajistar masu wannan ciwo ta duniya a 1979, kuma a 1995 da 1996 aka gano manyan ƙwayoyin gadon da ke haddasa shi. Daga nan aka fahimci iri-iri ne. Nau'i na farko motsa jiki ke tayar da shi, musamman ninkaya. Na biyu firgici, kamar ƙarar agogo ko waya cikin barci. Na uku yakan zo ana hutawa. Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin kusan 2,000 da shi ake haifarsa. Rajistar ta kuma nuna yadda haɗarin ke sauya wuri: a ƙuruciya yara maza ya fi kayarwa, bayan balaga sai ya koma kan mata, kuma yakan ƙaru a watanni tara na farko bayan haihuwa.

Binciken Pentti Rautaharju na 1992 ya warware abin da Bazett ya gani. Yara maza da mata tazararsu ɗaya ce. Da zarar namiji ya balaga sai tasa ta gajarce da kusan milisakan 20, saboda aikin sinadarin testosteron a kan ƙofofin fotasiyam, ta mace kuma ta tsaya inda take. Ke nan mace ba ta da rarar da namiji ke da ita, abu kaɗan zai iya tura ta ƙetare iyaka. Shekara guda bayan haka Raj Makkar da abokan aikinsa suka tattara mutum 332 da maganin zuciya ya jefa cikin wancan bugu mai murɗawa, suka tarar kashi 70 cikin ɗari mata ne. Ba abin mamaki ba ne a ce an daɗe ba a gane ba, domin tun 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke shekarun haihuwa daga matakan farko na gwajin magani, ba a janye wannan ba sai 1993.

Wannan gaɓa ta shafe mu kai tsaye. A 1993 ɗin dai François Nosten da ke aiki a kan iyakar Tailan da Bama ya nuna cewa maganin zazzaɓin cizon sauro halofantirin, wanda muka sani da Halfan, yana tsawaita QT, bayan wani majiyyaci ya mutu kwatsam. Kinin da kulorokwin da eritromaisin duk suna cikin jerin magungunan da ke taɓa wannan tazara. 'Yar wasan da zazzaɓi ya kama ana gobe wasa, ta aika kemis aka haɗo mata magani kala uku, ta yi amai, ta fita ta yi gumi cikin rana har fotasiyam ɗin jikinta ya ragu, ta tara abubuwa da dama masu ja wa QT tsawo a yini guda ba tare da ta sani ba.

Italiya ce ta fara mayar da awon zuciyar 'yan wasa doka. Tun 1982 duk mai shiga gasa a ƙasar sai an yi masa ECG. Domenico Corrado da abokansa na Padua suka bi yankin Veneto daga 1979 zuwa 2004, suka ga mutuwar fuju'a tsakanin 'yan wasa ta sauko daga 3.6 zuwa 0.4 cikin kowane 100,000 a shekara, raguwar kashi 89 cikin ɗari. Har yau ana gardama kan ko awon ne kaɗai ya kawo wannan, kuma likitocin Amurka ba su yarda a tilasta wa kowa ba. Amma dokar ta tara wa Italiya abin da ba wanda yake da shi: dubban takardun ECG da hotunan zuciya na gwanayen 'yan wasa, har da mata.

Da wannan taska Antonio Pelliccia na cibiyar likitancin wasanni da ke Roma ya fitar da bincikensa na 1996 a kan manyan 'yan wasa mata 600, kusan shekara ɗari bayan Henschen. Ya tarar ɗakin hagu na zuciyarsu yana ƙara faɗi da horo, amma bangonsa ba ya kauri yadda na maza ke yi; ba ko mace ɗaya da kaurin nata ya wuce milimita 12. Amfanin wannan a wurin likita babba ne. Namiji mai tuƙa kwalekwale zai iya kai milimita 13 ko fiye yana lafiya lau. Mace in ta kai nan, ba horo ba ne, a nemi ciwo. Da iyakar maza aka ci gaba da aiki, da an sallami mata marasa lafiya da takardar cewa ƙalau suke.

Akwai gaskiya guda da duk ƙididdiga ta haɗu a kai, kuma bai kamata a ɓoye ta ba: mutuwar fuju'a ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin maza. A binciken Veneto, cikin 'yan wasa 55 da suka mutu, biyar ne mata. A rajistar Barry Maron ta Amurka, mai mutum 1,866 daga 1980 zuwa 2006, mata kashi 11 ne cikin ɗari. Kimberly Harmon ta bi 'yan wasan jami'o'in Amurka daga 2003 zuwa 2013, inda aka san yawan maza da mata daidai, ta sami namiji ɗaya cikin 37,790 a shekara, mace ɗaya cikin 121,593. Ko an cire batun cewa maza sun fi yawa a fili, bambancin na nan. Ba na son wata uwa ta karanta wannan rubutu ta hana 'yarta gudu. Motsa jiki na ƙara wa mace lafiya da tsawon kwana, kuma haɗarin da muke magana a kai ƙanƙane ne ƙwarai.

Sai dai ƙarancin ya sa an yi sakaci da tambayar da ta fi muhimmanci: matan da suke mutuwa, me ke kashe su? Amsa ta fito daga asibitin St George's na Landan, inda ake aika zuciyar matasan da suka mutu kwatsam don a bincika. A 2021 Gherardo Finocchiaro ya duba masu wasanni 748, 98 daga ciki mata. Fiye da rabin matan zuciyarsu ba tabo, ba kauri, ba toshewa. An yanka, an sa a madubin likita, ba a ga komai ba. Zuciyar da ta tsaya alhali tsokarta lafiya, galibi wutarta ce ta rikice, ita kuwa wuta ba ta barin sawu a jikin gawa. Sai a takardar ECG ta mai rai ake ganinta, ko a gwajin gado, ko in an auna iyaye da 'yan uwa. Wannan ne ya sa nake ganin karanta ECG ɗin mace daidai ya fi abin da yawan mace-macen ke nunawa nauyi.

Karanta shi daidai ɗin kuwa aiki ne. Zuciyar da ta sha horo tana canza zane. Bugunta kan sauko ƙasa da 50 a minti, wani lokaci ya kusanci 30 cikin hutu, ba tare da wata illa ba. A irin wannan sanyin bugu lissafin Bazett kan karkace, shi ya sa ƙa'ida ta ce in bugun ya yi ƙasa sosai, likita ya sa 'yar wasa ta ɗan motsa jiki ya hau tsakanin 60 da 90, sannan a sake ɗauka, ya kuma auna tazarar da hannunsa maimakon dogaro da lambar da na'ura ta buga a saman takarda. Ƙa'idar Turai ta 2010 ta sa iyakar QT a milisakan 440 ga maza, 460 ga mata, sai aka ga tana kama masu lafiya da yawa. Taron masana a Seattle, wanda aka buga sakamakonsa a 2013, ya ɗaga ta zuwa 470 da 480, ƙa'idar duniya ta 2017 ta tabbatar da haka, tare da cewa wanda ya kai 500 abin ya wuce shakka.

Sannan ga tudun T da ke kifewa. A wayoyin da ake manna wa a gaban ƙirji, T kan juya ƙasa a wasu cututtukan tsokar zuciya masu kisa, don haka ganinsa kan tayar wa likita hankali. Aneil Malhotra ya duba matasa fararen fata 14,646 a 2017, ya ga wannan kifewa a kashi 4.3 cikin ɗari na mata, 1.4 na maza, kuma in ta tsaya a wayoyi biyu na farko ba a sami ciwo a bayanta ba. Ga baƙar mace lamarin ya fi haka. A 2010 John Rawlins da Sanjay Sharma suka gwada baƙaƙen 'yan wasa mata 240 da fararen 200. Kifewar T ta bayyana a kashi 14 cikin ɗari na baƙaƙen, kashi 2 na fararen. Takwas daga cikin baƙaƙen kaurin bangon zuciyarsu ya kai milimita 12 zuwa 13 suna lafiya, abin da ba a gani a ko ɗaya daga fararen ba. Wato iyakar da Pelliccia ya samo a Roma ma ba ta kowace mace ba ce. Ƙa'idar 2017 ta amince cewa kifewar T a wayoyi huɗu na farko, in ta biyo bayan wani ɗan tudu mai kama da kumburi, ɗabi'ar zuciyar baƙin ɗan wasa ce, amma in ta kai gefen hagu na ƙirji dole a bincika ko wace ce.

A tuna da wannan duk sanda aka ji wata 'yar Najeriya ko Kamaru ko Gana ta tafi gwajin lafiya a wata ƙungiya a Turai. Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka karo na goma a 2025, Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya da sakan 12.12 a 2022, 'yan matanmu na sa hannu a kwantiragi a Sifen da Faransa da Amurka. Takarda ɗaya da aka karanta da tsohuwar ƙa'ida na iya rusa cinikin da gida guda ya dogara a kai. Kuskuren na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, likita ya ga alamar ciwo na gaske ya ce ai haka zuciyar baƙaƙe take.

Me ake yi wa wadda aka samu da matsala? Da can hukuncin ɗaya ne: ajiye takalmi. Dana Vollmer, 'yar ninkaya ta Amurka, na da shekara 15 a 2003 lokacin da aka zura mata waya ta jijiya aka ƙone wata hanyar wuta da ke sa zuciyarta gudu. A lokacin kuma takardarta ta nuna alamun QT mai tsawo, ga shi ninkaya ce sana'arta, wasan da likitocin wannan ciwo suka fi tsoro. Ita da iyayenta suka zaɓi ta ci gaba, bisa sharaɗin na'urar farfaɗo da zuciya na kusa. Mahaifiyarta ta riƙa zama a bakin ruwa da na'urar a gefenta, a wurin horo da wurin gasa. A 2004 Vollmer ta ci zinare a Atina cikin tawagar 'yan huɗu, a 2012 kuma a Landan ta zama mace ta farko da ta gama mita 100 na salon malam-buɗe-littafi ƙasa da sakan 56, ta yi 55.98. A shekarar ce Michael Ackerman na asibitin Mayo ya ba da rahoton masu ciwon QT 130 da suka ci gaba da gasa suna shan magani: yaro ɗaya ne kawai ya sami matsala, shi ma ya bar shan maganinsa ne. A 2015 ƙa'idojin Amurka suka sassauta, aka koma zama da 'yar wasa da iyayenta a faɗa musu gaskiyar haɗarin a yanke shawara tare. Ina ganin wannan ci gaba ne na haƙiƙa, musamman ga mata, waɗanda aka daɗe ana yanke wa hukunci a kan jikinsu ba da su ba.

Tambaya ta baya-bayan nan ita ce ko horon kansa, in ya yi yawa ya daɗe, yana iya ɓata wutar zuciyar da aka haifa lafiya. Emma Carney ta Ostareliya, wadda ta zama zakarar duniya a 1994 da 1997 a gasar da ke haɗa ninkaya da keke da gudu, ta bar wasa a 2004 bayan an gano ɗakin dama na ƙasan zuciyarta ya lalace yana jefa ta cikin bugu mai haɗari, aka dasa mata na'ura a ƙirji. Irin nata ba shi da yawa. Wanda ya fi yawa shi ne karkarwar ɗakunan sama, inda maimakon su matse sai su dinga rawa, jini ya kwanta ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Tun 1998 aka ga wannan a tsofaffin 'yan tsere maza na Finlan. Ga mata kuwa, binciken 2019 a kan mutum 208,654 da suka yi tseren Vasaloppet ya nuna matan da suka yi tseren sun fi sauran mata tsira daga wannan karkarwa, har aka fara cewa mata sun kuɓuta. Amma yawancin waɗannan masu sha'awa ne, ba gwanaye ba. A 2023 Nikola Drca na cibiyar Karolinska ya zaɓo mata 228 da suka fi kowa a Suwidin a gudun fanfalaki da mita 10,000 da tseren keke tsakanin 1979 da 1991, ya gwada su da mata 1,368 na gari, bayan kusan shekara 29. Goma daga cikin 'yan wasan sun kamu, kashi 4.4 cikin ɗari, a kan kashi 1.7 na sauran. Mutum goma ba su isa a gina doka a kansu ba, amma a lura da dalilin da ya sa sai yanzu aka iya yin lissafin: waɗannan su ne sahun farko na matan da aka bari su yi dogon tsere, kuma yanzu ne suka kai shekarun da ciwon ke bayyana.

Akwai kuma matsalar 'yar wasan da ba ta cin abin da zai biya ƙarfin da take ƙonawa, ko don koci ya ce ta rage ƙiba, ko don abincin ne babu. Al'adarta ta ɗauke, ƙashinta ya yi rauni, bugun zuciyarta ya sauko. Likitocin wasanni na Amurka sun sa wa abin suna a 1992, kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa shi a 2014. Wahalar a nan, bugu 40 a minti na iya zama shaidar ƙwarewa, na iya zama shaidar yunwa, kuma a takarda kamanninsu ɗaya. Sai likita ya tambaye ta cin abincinta da al'adarta, tambayar da kunya kan hana yi, ta kuma hana amsawa. In aka haɗa da amai da gangan ko maganin sa fitsari don saukar da nauyi, fotasiyam ya zube, an dawo kan QT.

Duk da wannan tafiya, giɓin na nan. Emma Cowley ta ƙirga rahotanni 5,261 a manyan mujallun kimiyyar wasanni shida daga 2014 zuwa 2020: kashi 6 cikin ɗari ne aka yi a kan mata zalla, kashi 31 a kan maza zalla.

A nahiyarmu mun san sunayen mazan da suka faɗi. Samuel Okwaraji a Surulere ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola. Marc-Vivien Foé a Lyon ranar 26 ga Yuni 2003. Patrick Ekeng na Kamaru a Bukares ranar 6 ga Mayu 2016. Kwana biyu bayan Ekeng, Jeanine Christelle Djomnang, mai tsaron gidan ƙungiyar Femina Stars ta Ebolowa, 'yar shekara 26 kamar Ekeng, ta faɗi ana ɗumama jiki kafin wasa, ta cika a hanyar asibiti. Ƙasa ɗaya, shekaru ɗaya, mako ɗaya, amma mutum nawa ne suka riƙe sunanta?

Ranar da awo ya kasa kama ciwo, abin da ya rage shi ne hannun waɗanda ke wurin. Kowane minti da ya wuce ba a danna ƙirji ba, ba a sa na'urar farfaɗowa ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Jonathan Drezner ya bi matasan 'yan wasa 132 da zuciyarsu ta tsaya a Amurka daga 2014 zuwa 2016: kashi 48 cikin ɗari suka rayu, amma inda aka yi amfani da na'urar da ke ajiye a filin, kashi 89 ne. A nan ma mace ce a baya. Binciken Audrey Blewer na 2018 ya nuna cewa in mutum ya faɗi a bainar jama'a, kashi 45 cikin ɗari na maza ke samun mai danna musu ƙirji, mata kashi 39. A Amurka ke nan, inda taɓa jikin mace bai kai nauyin da yake da shi a wurinmu ba. Faifan na'urar a kan fata ake manna shi, ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a haƙarƙarin hagu, kuma rigar mama ta wasanni matsattsiya ce, ba a tsayawa cire ta, yanke ta ake yi. Addininmu bai hana namiji ceton ran mace a halin larura ba, amma na san a fili za a yi cirko-cirko ana kallon juna. Don haka kowace ƙungiyar mata, daga ta makarantar sakandare har ta gasar ƙasa, ta sami aƙalla mata biyu a benci da aka koya wa danna ƙirji, da na'ura mai cajin batir, da almakashi a cikin jakarta, da zanen da sauran 'yan wasa za su kewaye ta da shi yayin da ake aikin.